Yadda Ake Aiki da Kiɗa a Kunne Idan Lokaci Ya Ƙure

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa kiɗa yana jan aiki. Gangar noma tana bin 'yan gayya har cikin kunya, mata suna waƙa a bakin dutsen niƙa, masu daka kuma suna lugude, taɓarya biyu ko uku a turmi ɗaya, kowacce tana sauka a lokacinta. A Ingila ma, tun daga 1940 har zuwa 1967 gidan rediyon BBC yana watsa wani shiri na kiɗa musamman don ma'aikatan masana'antu. Sai dai a lura, duk waɗannan ayyuka ne da hannu ya riga ya haddace su. Ɗalibin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da aka ce gobe da ƙarfe takwas ya kawo babi na huɗu, ko mai shagon kwamfuta a Ƙofar Ƙaura da aka jibge masa shafi sittin, ko akawun da ke haɗa takardun albashi a ƙarshen wata, aikinsu na kai ne, kuma kiɗan da ke tashin manomi yana iya ruguza musu lissafi. Saboda haka kafin a zo kan wane kiɗa za a sa, sai an san wane irin aiki ne a gaba.

Fara da raba aikin

Ɗauki takarda ka rubuta gaɓoɓin aikin da ya rage, ɗaya bayan ɗaya, da kimanin mintunan da kowace gaɓa za ta ci. Minti biyar ya isa wannan. Sannan ka sa wa kowace gaɓa alama: ko ta magana ce, wato karatu don fahimta, rubutu daga kai, fassara, hadda, ko ta lissafi da awo ce, kamar tara adadi, cike jadawali, auna yadi da yanka shi, ko kuwa ta hannu ce wadda ka saba da ita, irin kwafe rubutun da aka riga aka gama, daidaita shafuka, ɗinka dogon layi, guga, jera takardu.

Ga dalilin wannan rabo. Idan aka faɗa maka lambar waya ba ka da biro a kusa, me kake yi? Kana ta maimaita ta a zuci har ka samu abin rubutu. Wannan muryar ta cikin kai da ita kake riƙe farkon jimla kafin ka kai ƙarshenta, da ita kake riƙe “ajiye uku” a tsakiyar lissafi. Masana halayyar ɗan Adam biyu na Ingila, Alan Baddeley da Graham Hitch, su suka fitar da bayanin wannan ɗan ma'aji na wucin gadi a 1974, kuma gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna cewa duk maganar da ta shiga kunne tana kutsawa cikinsa ko ba ka yi niyyar saurare ba. A 1989 Pierre Salamé da Baddeley sun gwada mutane da riƙe jerin lambobi: waƙa mai murya ta fi ɓata musu, kiɗa zalla ya ɓata kaɗan, shiru ya fi duka. Taura biyu ba ta taunuwa, maganar mawaƙi da maganar da kake rubutawa hanya ɗaya suke bi.

Wannan ya sa waƙar da aka fi so ita ce ta fi haɗari a kan aikin magana. Waƙar Alhaji Mamman Shata, ɗan Musawa da ke kwance a Daura tun 1999, an gina ta ne don a saurari zance: kirari, habaici, labarin wane da wane, ga 'yan amshi suna dawo da kai duk lokacin da ka so zamewa. Ba Bakatsinen da zai sa ta a kunne ya ce yana karanta takardar jarrabawa da zuciya ɗaya. A ajiye ta don gaɓar hannu, can ne take da amfani ƙwarai.

Wasu suna cewa ai waƙar Indiya ce, ba sa jin yaren. Akwai gaskiya rabi a nan. Wajen karatu don fahimta, yaren da kake ji shi ya fi ɓarna, wanda ba ka ji yana da sauƙi. Amma wajen riƙe lambobi a jere, muryar mutum ko da wane yare take tana tsoma baki, domin kunne yana bin hawa da saukar sautin ne. Akawu da mai awo kada su yarda da wannan hujja.

Zaɓen abin da za a saurara

Ga gaɓar magana da ta lissafi, idan wurin da kake shiru ne, bar shi a shirunsa. Ɗakin da ba hayaniya bayan sallar asuba ya fi kowane kiɗa. Ana neman sauti ne idan akwai abin da ya fi shi damuwa da ake son a rufe: hirar 'yan majalisa a ƙofar gida, rediyon maƙwabci, yara a tsakar gida, masu ciniki a bakin shago. A nan abin da ake so sauti ne mai tafiya bai ɗaya, marar murya, marar tashi da faɗuwa kwatsam, wanda ka riga ka saba da shi har ba ya ba ka mamaki. Kaɗa gurmi ko garaya ko molo a hankali ba tare da waƙa ba, busar sarewa, kiɗan kora na Mali da Gambiya, udu na Larabawa, fiyano mai sanyi, duk suna yi.

Kalangu kuwa a yi hattara da shi ko da ba waƙa a kai. Kalangu magana yake yi, yana bin karin sautin Hausa, kunnen Bahaushe kuma yana fassara take da kirari da kansa. Baƙo zai ji ganga ce kawai, kai kuwa za ka ji ana kiran wani. Algaita da kakaki su ma na fada ne da hawan sallah, kaifinsu na tashin jama'a ne.

Saurin kiɗan ma abin dubawa ne. Don ka auna, buga yatsa a tebur kana bin kiɗan na daƙiƙa 15, ka ninka adadin sau huɗu. Abin da ya faɗa tsakanin 60 zuwa 90 a minti ya dace da aikin kai. Wanda ya haura 110 a bar wa aikin hannu. Wani gwaji da William Thompson da abokan aikinsa suka wallafa a 2012 ya nuna cewa kiɗa mai sauri kuma mai ƙara shi ne ya fi rage fahimtar karatu. Ka tuna kuma cewa wanda lokaci ya ƙure masa gabansa ya riga yana faɗuwa, jikinsa a tashe yake. Ƙara masa kiɗa mai zafi kamar zuba fetur ne a wuta: hannu zai yi sauri, kuskure ya yi yawa.

Za ka ji ana cewa kiɗan Mozart yana ƙara basira. Asalin zancen wani ɗan gwaji ne na 1993 a Amurka, inda ɗalibai suka saurari kiɗan na minti goma kafin a ba su wani aikin hasashen siffofi, tasirin kuma bai wuce kwata na awa ba. Daga baya aka gano cewa nishaɗin da mutum ya samu ne ya yi aikin, duk abin da ya faranta masa rai zai iya yin haka. Abin ɗauka a nan mai amfani ne: waƙar da kake so ka saurare ta kafin ka fara, ɗaya ko biyu, ta ware maka jiki, sannan ka kashe ta ka zauna.

Da yawa daga cikinmu ba sa sauraren kiɗa saboda addini, kuma ba su rasa komai ba a wannan fage, domin abin da ake bukata shi ne labulen sauti. Ƙarar ruwan sama a kan kwano, kukan fanka, shuuu irin na rediyon da ba ta kama tasha ba, duk suna rufe hira fiye da yawancin kiɗa, tunda ba su da gaɓar da kunne zai bi. Kana iya ɗaukar naka da waya: minti goma na ruwan watan Agusta, ko na fankar ɗakinka, ka sa ya riƙa maimaita kansa. Karatun Alƙur'ani kuwa ba a mai da shi labule. Aya ta 204 a Suratul A'araf ta yi umarni da a saurara a yi shiru idan ana karanta shi, kuma ko ta fuskar aikin ma, magana ce wadda zuciyar mai hadda za ta bi ta bar abin da ke gabanta. A ba shi lokacinsa shi kaɗai. Wa'azi da labaran rediyo da littattafan da ake karantawa a murya kuwa na gaɓar hannu ne kawai.

Haɗa kayan tun kafin ranar

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya zauna daren ƙarshe yana neman waƙar da ta dace zai ɗaga kai ya ga awa ɗaya ta tafi. Tun da sauran kwanaki ka haɗa jeri uku na abin saurare a wayarka, ka sa musu suna a fili. Na farko na shiga aiki, waƙa biyu da kake so, kada ya wuce minti takwas. Na biyu na aikin kai, marar murya, tsawonsa minti 25 ko 45 daidai. Na uku na aikin hannu, mai zafi, da waƙa da komai, na awa ɗaya.

Tsawon jeri na biyu shi ne agogonka. Idan ya ƙare, hutu ya yi, ba sai ka riƙa leƙa waya kana duba lokaci ba. Tsarin minti 25 na aiki da 5 na hutu wani Ba'italiye ne, Francesco Cirillo, ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1980, yana kuma da kyau ga aikin da kake jin nauyin farawa. Rubutu mai zurfi ya fi son 45 ko 50 da hutun minti goma, domin sai ka yi kusan kwata kafin kai ya zauna sosai.

Sauke komai ya zauna cikin waya ko memori. Sauti mai matsakaicin inganci yana cin kusan megabait ɗaya a minti, ke nan awa uku ba za ta kai megabait 200 ba. Bidiyon YouTube kuwa yana cin ninkin haka sau da yawa, ga batir da yake sha. Amma babban dalilin ba kuɗin data ba ne. Manhajojin kyauta suna jefo talla a tsakiya, da murya mai ƙarfi da aka tsara don ta fizge hankali, kuma muddin data a buɗe take saƙonnin WhatsApp za su riƙa shigowa ta cikin kunnenka kai tsaye. Idan ba ka da hanyar saukewa, masu tura waƙoƙi a kasuwa za su zuba maka, sai dai ka faɗa musu a fili cewa marar murya kake so, ka kuma saurara a gabansu, don sun saba da akasin haka.

Kashe tsarin da ke gauraya waƙoƙi, a bar su su zo a jeren da ka sani. Rufe data, ko ka sa wayar a yanayin jirgin sama. Idan akwai wanda dole ya same ka, maigida ko mai kayan ko malamin da ke duba aikin, yi amfani da tsarin hana damuwa da ke cikin wayar ka bar lambarsa ita kaɗai ta shigo. Sannan ka kife wayar nesa da hannu. Cika caji tun da rana, ita da fawa bank, domin ba a san lokacin da za a ɗauke wuta ba. Iyafis mai igiya ya fi aminci a irin wannan dare tunda ba ya bukatar caji.

Kunne da ƙarfin sauti

Wannan wajen ne aka fi yin ganganci, ɓarnarsa kuma ba ta gyaruwa, domin ƙananan gasun da ke cikin kunne masu karɓar sauti idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hira ta yau da kullum tana wajen 60. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraren desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba. Idan ya kai 90, awa huɗu ne kacal a mako. A 100 kuwa minti 20. Wayoyi da yawa idan aka ƙure su suna kai 100 ko fiye. Shawarar hukumar ita ce kada a wuce kashi 60 cikin ɗari na ƙarfin na'urar. Ga aikin kai ma wannan ya yi yawa, kashi 30 zuwa 40 ya wadatar. Gwaji mai sauƙi: wanda ke tsaye nesa da kai da tsawon hannu ya yi maka magana da muryarsa ta kullum. Idan ba ka ji ba, ko shi yana jin abin da kake saurare, rage.

Abin da ke sa mutane ƙure sauti shi ne janareta. Ana tayar da shi a bayan shago, sai mutum ya yi ta ƙara murya don ya danne shi, ya tara wa kunnensa ƙara biyu. Maganin shi ne toshewa. Iyafis mai robar da ke shiga ramin kunne yakan zo da roba girma uku; gwada su duka, wadda ta zauna daram za ka ji ƙarar waje ta ragu tun kafin ka kunna komai. Hedfon mai kashe ƙara da lantarki ya fi ƙwarewa a kan gurnani mai tafiya bai ɗaya irin na janareta da injin mota, amma muryar mutane tana ratsa shi, sai an haɗa masa da sautin ruwa ko fanka. Idan kuɗi bai kai ba, matsar da teburin nesa da bangon da injin yake, ka rufe tagar wannan ɓangaren.

A watannin bazara, Maris zuwa Mayu, zafin Katsina yana sa gumi ya taru a ramin kunne a ƙarƙashin roba, daga nan ƙaiƙayi da ciwo suke farawa. Cire shi a kowane hutu, goge robar da tsumma mai tsabta, kada kuma a riƙa aron na wani.

Tafiyar da zaman

A ce tela ne a Daura, sallah saura kwana biyu, kaftani shida a gabansa. Awo da zana alli da yanka ya yi su da safe, kunne a buɗe, ba rediyo, ba hira, domin inci ɗaya da ya kuskure a shadda mai tsada ba ya dawowa. Idan ya hau keke kan dogayen layuka, sai jeri na uku, nan Shata ya samu wurinsa. Amma ya sa a lasifika ƙarama ko kunne ɗaya, saboda keken ɗinki da sauti yake faɗin ciwonsa: zare ya tsinke, allura ta lanƙwashe, zaren ƙasa ya cukurkuɗe, duk kunne ne ke fara ji kafin ido. Da ya zo wuya da aljihu da aikin da ke son ƙirge, a rage ko a kashe. In kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, a nan kuwa aikin ne ke sauya kiɗan.

Ɗalibi ko mai rubuta rahoto ya bi wannan jeri: waƙar shiga aiki yana share tebur yana buɗe takardu, sannan jeri na biyu, ya rubuta har ya ƙare, ya tashi ya sha ruwa ya miƙe ƙafa ba tare da ya taɓa waya ba. Bayan zagaye uku ya yi dogon hutu na minti 20 zuwa 30. Lokutan sallah sun riga sun yanka maka yini gida-gida, sai ka jera zagayen a tsakaninsu: daga azahar zuwa la'asar zagaye biyu na minti 45 suna shiga da sauran sarari. Sa ƙararrawa a wayar don lokacin sallah, tunda mai kunne a toshe ba lallai ya ji ladan ba.

Idan abu ya ƙi

Ka ga kana karanta layi ɗaya sau uku: sautin ya fi ƙarfin aikin, ko akwai murya a ciki, ko ka shigo gaɓa mai wuya. Kashe, ka gama wannan sakin layin a shiru, sannan ka mayar. Ka ga hannunka yana zuwa waya don sauya waƙa: jerin sabo ne gare ka ko ka gaji da shi, koma sautin ruwa. Ka ga kalmar waƙa ta faɗo cikin abin da kake bugawa, ko lambobi sun juya, 47 ta zama 74: alamar ma'ajin nan na cikin kai ne ya cika, ba a yin wannan gaɓar da murya. Ka ga kana gyaɗa kai kana jin daɗi amma shafi bai motsa ba: wannan ne ya fi yaudara, domin nishaɗi yana sa mutum ya ɗauka aiki na tafiya. Wani bincike da Nick Perham ya yi a Kadif ta ƙasar Birtaniya ya nuna cewa wajen riƙe jerin abubuwa, kiɗan da mutum yake so da wanda ba ya so duk ɓarna ɗaya suka yi.

Mutane kuma sun bambanta. Mai son kaɗaici sauti ya fi saurin dagula shi fiye da wanda ya saba da cikin jama'a. Ka gwada kanka a ranar da ba matsi: buga shafi ɗaya a shiru, ɗaya da kiɗa marar murya, ɗaya da waƙa, ka duba minti nawa kowanne ya ci da kuskure nawa ke ciki. Abin da takardar ta nuna shi za ka bi.

Barci kuwa kiɗa ba ya maganinsa. Ƙarfe biyun dare idan ido ya fara rufewa, ƙara sauti zai riƙe ka a zaune ne kawai kana tara kurakuran da za ka gyara da safe. Kwanta minti 20 da ƙararrawa, ka tashi ka wanke fuska, ka ɗauki gaɓar hannu da jeri mai zafi, ka bar mai wuyar zuwa bayan asuba. Idan ka cire iyafis ka ji kunne yana ƙara kamar kukan gyare, ko muryoyi sun dushe, sautin ya yi yawa. Huta masa yini guda, idan abin ya ƙi tafiya a je asibiti a duba. Kuma duk yadda lokaci ya ƙure, kada ka hau babur zuwa kai aikin da kunne a toshe.

Ware rabin awa na ƙarshe don dubawa, a cire komai daga kunne. Mai rubutu ya karanta aikinsa da murya ƙasa-ƙasa, layi bayan layi, yana bi da yatsa. Nan ne kalmar da ta faɗi da wadda ta maimaitu suke fitowa. Akawu ya sake tara adadin daga ƙasa zuwa sama, akasin yadda ya yi da farko. Tela ya shimfiɗa rigar a tebur ya sake ɗora tef a hannu da tsawo, ya gwada da abin da ke rubuce a littafin awo, kafin ya ninke ta ya sa a leda.